Yadda Jirgin Ƙasa Ya Kawo Nesa Kusa, da Abin da Karkara Ta Biya

A shekarar 1816 wani rahoton Majalisar Dattawan Amurka ya kawo lissafin da ya isa ya nuna halin da karkara take ciki a ko'ina kafin zuwan jirgin ƙasa. Da dala 9 ana ɗauko kaya tan guda daga Turai a jirgin ruwa, a ratsa teku tafiyar mil 3,000, a sauke a gaɓar Amurka. Amma idan aka ɗora wannan kaya a keken doki aka nausa cikin ƙasa, dala 9 ɗin nan mil 30 kawai za ta kai shi.

Duk wanda ya san noma ya san abin da wannan yake nufi. Hatsi kaya ne mai nauyi, ga shi ba tsada. Dabbar da za ta ja shi ita ma tana da ciki, mai kora ta ma haka. Kafin a yi tafiyar kwana biyar ko shida, kuɗin dako ya cinye darajar kayan. Shi ya sa manomin da ba ya kusa da kogi ko teku ba shi da dalilin noma abin da ya wuce cin gidansa da na maƙwabta, domin rarar ba ta da inda za ta. Wanda ya yi dabara sai ya ciyar da hatsin ga dabba, tunda ita tana iya kai kanta kasuwa da ƙafarta. Fatake kuwa, a kowace nahiya, abin da suke yawo da shi kaya ne marar nauyi mai tsada. Kowane yanki da farashinsa. Ana iya mutuwa da yunwa a wannan lardi alhali rumbuna sun cika sun batse a lardin da ke bayan tsauni, ba don mugunta ba, sai don babu hanyar ɗauko shi.

Sai dai nisan nan da ya tsare manomi shi ne kuma ya kare shi. Maƙerin ƙauye da masaƙi da majemi ba su da abokin gasa, domin kayan wani wuri ba ya iso su da araha. Mai mulki ma ba ya iso su da wuri. Wannan ne abin da nake ganin ya kamata a riƙe a duk maganar layin dogo: rana ɗaya ya buɗe wa ƙauye ƙofar fita, ya kuma buɗe wa duniya ƙofar shigowa, kuma ba mutanen ƙauyen ne ke riƙe da makullin ba.

An fara a Ingila, da layin Stockton zuwa Darlington a 1825, sannan na Liverpool zuwa Manchester a 1830. Abin da jirgin ya zo da shi bai tsaya ga gudu ba. Yana zuwa inda babu kogi, taɓon damina ba ya tsayar da shi, ƙanƙarar hunturu da ke daskarar da magudanan ruwa ba ta hana shi tafiya, kuma ana sanin ranar da kaya zai isa. Ga mai kayan da ke lalacewa, wannan sanin ranar ya fi komai. Birnin Landan ya daɗe yana shan madarar shanun da ake ɗaure da su a ƙuntatattun garke cikin gari. Da annobar shanu ta 1865 ta karkashe su, sai 'yan kasuwa suka koma ɗauko madara a jirgi daga ƙauyukan da ke nesa. Gonakin da a da sai dai su mayar da nononsu cuku ko man shanu don kada ya lalace, suka koma tatsa da dare a kai tasha da asuba. Cikin 'yan shekaru tsarin noman yankuna da dama ya sauya, ana tashi da kwanciya bisa lokacin wucewar jirgi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne alkamar tsakiyar Amurka, kuma ya kamata a tsaya a dube shi da kyau. A da, manomi yana zuba alkamarsa a buhu, buhun nan ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu har ya kai ga mai saye, wanda zai kwance bakinsa ya damƙi tsabar ya duba. Alkamar wane ce, an san gonar da ta fito. Da jirgi ya fara shigo da taragu cike da hatsi birnin Shikago, ɗaukar buhu ɗaya-ɗaya a kafaɗa ya gagara. Sai aka gina manyan rumbuna masu injin da ke ɗaga hatsi sama, a zazzage tarago gaba ɗaya ba tare da buhu ba. To amma in za a haɗa alkamar mutum ɗari a rumbu ɗaya, dole a san wacce ta yi daidai da wacce. Hukumar kasuwancin birnin, wadda aka kafa a 1848, ta fito da matakai a shekarun 1850: wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Manomi ya kawo kayansa, ma'aikaci ya duba ya sa mata lamba, a auna, a ba shi takarda. Daga nan takardar ce ake saye da sayarwa, har ta kai ana cinikin alkamar da ba a ma shuka ba tukuna. Wayar tangaraho da ke bin gefen layin dogo ita ke kawo farashi kowace rana.

Ribar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Ƙasar da ta yi shekaru aru-aru ciyawa ce kawai ta zama gonakin da ke ciyar da biranen Turai, burodi ya yi araha ga lebura a Manchester. Amma manomin ya daina zama mai faɗin kuɗin kayansa. Abin da zai samu shi ne farashin Shikago ko na Liverpool, a cire kuɗin dako, a cire na rumbu, a cire abin da mai sa lamba ya ga dama ya rage masa. Damina ta yi kyau a Rasha ko a Ajantina, sai ya ji a aljihunsa a Kansas. Can kuma a Ingila, daga shekarun 1870 manoman alkama suka shiga uku, domin hatsin da ya yi tafiyar dubban mil ya fi nasu araha a kasuwar garinsu. Gonaki da yawa suka koma makiyaya, 'yan ƙodago suka watse zuwa birane ko suka haye teku. Layin da aka shimfiɗa a wata nahiya ya tashi ƙauyen da bai taɓa jin ƙararsa ba.

A wasu wurare jirgin bai tarar da ƙauye ba, shi ya haife shi. Gwamnatin Amurka ta bai wa kamfanonin jirgi filaye da suka haura eka miliyan 100 a matsayin ladan gina layi, kuma a 1862 ta yi dokar bai wa duk wanda zai zauna ya noma eka 160. Kamfanonin sun san cewa layi ba ya ciyar da kansa sai da kaya, don haka suka baza wakilai har Jamus da Suwidin suna tallar ƙasa, suna yanka garuruwa a kan takarda kafin mutum ɗaya ya sauka. A jihar Nebraska akwai jerin garuruwa a kan layin kamfanin Burlington da aka raɗa wa suna bi da bi bisa jerin haruffan boko: Crete, Dorchester, Exeter, Fairmont, Grafton, Harvard, har zuwa Lowell. Tazarar da ke tsakaninsu ma lissafi ce, gwargwadon yadda manomi zai iya kawo kaya a keken doki ya koma gida a yini guda. Tsohon gari kuwa da layi ya kauce masa da mil goma, sau da yawa 'yan kasuwarsa kan tattara nasu ya nasu su koma bakin tasha, a bar shi kufai. Nairobi ma haka ta samo asali a 1899, zangon ma'aikatan jirgi ne a wani fili mai dausayi.

Ƙasar da aka raba ɗin nan tana da masu ita. Bayan an haɗa gabas da yammacin Amurka da layi a ranar 10 ga Mayu 1869, maharba suka riƙa sauka a tasha suna karkashe baunar daji don fatarta, a loda a tarago. Dabbar da ta kai miliyoyi masu yawa, wadda rayuwar 'yan asalin filayen ta dogara a kanta, kafin ƙarshen shekarun 1880 ta koma 'yan ɗaruruwa. Jirgin da ya kai manomi shi ya kai soja. A Kenya, da aka gama layin Mombasa zuwa tafkin Victoria a 1901, Turawan mulkin mallaka suka ga kuɗin da aka kashe ba zai dawo ba sai an sami kayan dako, sai suka gayyato Turawa manoma suka ba su tuddai masu albarka, aka tashi Masai daga makiyayarsu a 1904, aka sake tashin su a 1911. Idan aka ce jirgi ya raya karkara, ya dace a tambaya karkarar wa.

Akwai wani abu da ba a cika ba shi muhimmanci ba, alhali a ganina ya fi kan jirgin da ƙarfen layin tasiri, wato jadawalin kuɗin dako. Ƙauyen da layi ɗaya ne ya ratsa shi ba shi da zaɓi. Tsakanin manyan birane, inda kamfanoni biyu ko uku ke gasa, kuɗi kan faɗi warwas. Asarar da aka yi a can sai a fanshe ta a kan ƙananan tashoshi, har ya zama kai kaya wuri na kusa ya fi kai shi wuri mai nisa tsada. Babban ɗan kasuwa ana yi masa ragi a asirce, ƙaramin manomi ya biya cikakke. Wannan ne ya harzuƙa manoman Amurka. Ƙungiyarsu ta Grange, wadda aka kafa a 1867, ta matsa wa jihohi suka yi dokokin ƙayyade kuɗi, Kotun Ƙoli ta amince a 1877 cewa gwamnati na da ikon sa baki a harkar da jama'a suka dogara da ita, sannan a 1887 aka kafa hukumar tarayya mai lura da jiragen ƙasa. Sun samu wannan ne domin suna da ƙuri'a.

A Rasha gwamnati ce da kanta ta yi amfani da jadawalin. An fara gina layin Saberiya a 1891, miliyoyin manoma suka bi shi gabas neman ƙasa. Masu manyan gonaki na yammacin ƙasar suka tsorata da arahar hatsin da zai kwararo, sai a 1896 aka sa doka cewa duk hatsin da ya iso garin Chelyabinsk daga gabas za a sake masa lissafin dako kamar daga nan ya fara tafiya, ya rasa ragin da ake yi wa kayan nesa. Manoman Saberiya ba su tsaya kuka ba. Suka juya ga shanu, suka riƙa haɗa man shanu, kaya marar nauyi mai tsada, ana loda shi a taragu masu ƙanƙara har ya kai kasuwannin Ingila. Layi guda a cikin takardar wani ofishi ya sauya abin da yanki mai girman nahiya yake samarwa.

Wanda ya ɗauki taswirar layukan dogo na Turai ya ajiye kusa da ta ƙasashen da aka mallaka zai ga bambancin nan take. Na Turai sun saƙu da juna, gari yana kaiwa ga gari. Na Afirka kuwa kusan kowanne daga tashar jirgin ruwa yake tashi, ya miƙe zuwa inda ma'adini ko amfanin gona yake, ya tsaya. Ajantina a lokacin ba ta ƙarƙashin mulkin mallaka, amma da jarin Birtaniya aka gina yawancin layukanta, waɗanda suka haura kilomita 30,000 kafin 1914, kuma galibinsu bakin teku suka fuskanta, musamman Buenos Aires. An tsara su ne don fitar da kaya, ba don lardi ya yi ciniki da lardi ba. A Indiya, inda jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombai zuwa Thane a watan Afrilu 1853, an yi wa masu zuba jari na Birtaniya alkawarin ribar kashi 5 cikin 100 ko layi ya ci riba ko bai ci ba, kuma daga harajin mutanen ƙasar ake cika giɓin, wanda kaso mai tsoka na harajin daga manoma yake fitowa. Wani wurin ma da rai aka biya. Layin da Faransa ta gina a Kongo daga Brazzaville zuwa Pointe-Noire tsakanin 1921 da 1934 ya ci rayukan aƙalla mutum 17,000, galibinsu an kwaso su ne aikin tilas daga ƙauyuka, wasu tun daga kudancin Chadi.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki mutanen karkara kamar waɗanda aka yi wa abu kawai suna kallo. Da layi ya isa Kano a 1911, burin Turawa auduga ne don masaƙun Lancashire a Ingila. Manoma da 'yan kasuwar yankin suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da kuɗin da ya fi na Turawa, gyaɗa kuwa ta fi kawo riba, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Cikin damina biyu gyaɗa ta cika tasha har taragu suka kasa kwashewa, yayin da ayarin raƙuma masu ratsa Sahara zuwa Tarabulus ya ƙarasa mutuwa. A Gana ma manoman ƙasar ne suka yaɗa noman koko da kansu, layin dogo ya ba su damar kutsawa cikin dajin da a da kuɗin ɗaukar kaya a ka ya hana a noma don sayarwa.

Maganar yunwa ita ce ta fi wuyar yanke hukunci, kuma ban ga amfanin sauƙaƙa ta ba. A fari na 1876 zuwa 1878 miliyoyin mutane sun mutu a Indiya alhali akwai layin dogo, kuma ana ci gaba da fitar da alkama zuwa Ingila. Jirgi yana kai hatsi inda kuɗi yake, mai yunwar da ba shi da ko sisi ba ya cikin lissafinsa, har ma yana iya kwashe ɗan abin da ya rage a yankin zuwa inda aka fi saye da tsada. A gefe guda, masanin tattalin arziki Dave Donaldson, wanda ya bi bayanan gundumomin Indiya na shekaru masu yawa, ya gano cewa isowar layi ta ɗaga abin da gunduma ke samu daga noma da kimanin kashi 16 cikin 100, kuma wani binciken da ya yi da abokin aikinsa ya nuna cewa bayan layi ya iso, ƙarancin ruwan sama ya rage jawo mace-mace kamar da. Duka biyun gaskiya ne. Jirgi ya kawar da yunwar da rashin hanya ke kawowa. Yunwar da rashin abin saye ke kawowa kuwa tana hannun masu mulki, su ne za su ce a loda tarago a kai agaji ko a bar kasuwa ta yi halinta.

Sauye-sauyen da ba a auna su da sikeli su ma suna da yawa. Kafin jirgi, kowane gari da agogonsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa. Bristol tana bayan Landan da minti 10, kuma har yau akwai agogo a tsohuwar kasuwar birnin mai hannun minti biyu, ɗaya na gari ɗaya na Landan. Jadawalin jirgi ba ya jure wannan, don haka kamfanoni suka ɗora lokaci ɗaya a kan kowa. A Amurka su ne suka raba ƙasar shiyya-shiyya a ranar 18 ga Nuwamba 1883, tun kafin gwamnati ta mayar da shi doka. Jarida ta fara isa ƙauye a ranar da aka buga ta. Kayan masana'anta suka shigo da arahar da maƙeri da masaƙin gida ba za su iya ja da ita ba. Richard Sears ma'aikacin wata ƙaramar tasha ne a Minnesota, wanda a 1886 ya sayi wasu agoguna da mai shagon garin ya ƙi karɓa, ya sayar wa takwarorinsa na sauran tashoshi, daga nan ya gina kamfanin da ke aika wa manoma kaya ta gidan waya, masu kantunan ƙauye suna ji suna gani. Cuta ma ta sami abin hawa, domin murar 1918 ta bi layukan dogo daga tashoshin ruwa zuwa cikin ƙasa a Indiya da Afirka cikin 'yan makonni. Sannan ga matasa. Tikitin da ya sauƙaƙa kai kaya birni ya sauƙaƙa tafiyar ɗan mai kayan, kuma da yawa ba su dawo ba.

Masana sun yi jayayya a kan ko an zuzuta abin. A 1964 Robert Fogel ya yi lissafin cewa da Amurka ta dogara da koguna da magudanan ruwa da kekunan doki kawai, abin da za ta rasa a 1890 bai kai kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasar ba. Daga baya Donaldson da Richard Hornbeck suka sake lissafin ta wata fuska, suka ce da za a cire layukan a wannan shekara, darajar filayen noma za ta faɗi da kusan kashi 60 cikin 100. Ni dai na fi karkata ga cewa amsar ta danganta da abin da jirgin ya tarar. Inda akwai manyan koguna da hanyoyin ruwa, ƙari ya yi a kan abin da ke akwai. Inda kan mutum da ƙarfin dabba ne kaɗai abin dako, kamar yawancin Afirka da tsakiyar Indiya da tsaunukan Meziko, sauyin ya fi ƙarfin a kwatanta shi da na Ingila.

Daga shekarun 1920 mota ta fara ƙwace kayan da ke tafiya gajeren zango, domin tana zuwa har bakin gona. Ƙananan layukan karkara suka koma cin kuɗi. A Birtaniya rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,300 da layi mai tsawon mil 5,000, kuma an aiwatar da mafi yawansa. Ƙauyukan da suka bar tsoffin sana'o'insu saboda jirgi suka wayi gari babu jirgin, tsofaffi da marasa mota su ne suka fi ji a jikinsu. Garuruwan alkama da yawa a Amurka da Kanada sun bushe bayan an rufe rumbun tasha. Amma ba ko'ina ba. Binciken da Remi Jedwab da Alexander Moradi suka yi a Gana ya nuna cewa garuruwan da suka tsiro a bakin layi sun ci gaba da fin maƙwabtansu yawan jama'a da harkar kasuwa shekaru da dama bayan jirgin ya durƙushe, domin makarantu da asibitoci da kasuwanni sun riga sun kafu a wurin, kuma da aka tashi shimfiɗa kwalta, waɗannan garuruwan aka fara haɗawa.